Ƙafar Inna da Buhun Bagaruwa

Yayana Muhammad Awwal ya tafi karatu ƙasar waje da harshe biyu, ya dawo muna da ɗaya da rabi. Rabin shi ne Hausa. In za shi ce maka ina kwana sai ya fara da "bon", ya dubi sama, kamar can anka rataye kalmar. Ni Lubabatu, ƙanwarshi, aji uku na yi a lakkol anka ce ya isa. Sauran karatuna a takardun cikin kwalin magani na yi shi, waɗanga da ake naɗewa kamar laya, sai kuma wayar hannu in da caji. Kitso nike yi a ƙofar gida.

Innarmu Habsatu ɗiyar makiyaya ce daga wajen Dogon Kiriya. Aure ya kawo ta Dogon Dutsi, babanmu ya rasu ya bar ta da tukunyar dambu da kopto, kwaɗon zogale, a bakin tasha. Awwal ne ɗanta na fari, ita kuwa kunyar ɗan fari ba ta ɗauke ta da wasa ba. Ana yaye shi anka miƙa shi ɗakin kakarmu. Ba ta taɓa kiran sunanshi ba, "wancan" take cewa. In ya zo gaisuwa sai shi durƙusa bakin ƙofa daga waje, ita ta juya ta dubi bango ta amsa wa bangon. In tana son ta san ko ya ci abinci, sai ta tambaye ni ko akuya ta ci dusa, can kuma ta ce, "Sauran mutanen gida fa?" Matan gari sun daɗe da sassauta abin, wasu har hoto suke ɗauka rungume da ɗan fari su sa a waya. Inna ta ce su sunka ga za su iya.

Wata rana cikin sanyi ya aiko mini da saƙon murya daga can inda shike karatu. Wai shina son buhun bagaruwa, ta wajenmu, busasshiya, wadda ba ta sha ruwa ba. Na ce ko jima ya koma. Ya yi dariyar nan ta masu ilimi, wadda ke fita ta hanci, sannan ya yi mini bayani. Na ji kashi ɗaya, sauran na bi waya na tono da kaina.

Ga abin yadda na gane shi. Akwai ƙwayoyin cuta da sunka sha magani har sunka saba da shi. In sun zauna cikin ciwo sai su yi wa kansu rufi na yauƙi, magani shi zo shi yi ta sallama ba mai amsawa. Cikin bagaruwa akwai abin da ke kashe su, amma in ya shiga jiki sai shi watse ko shi lalace tun bai kai ba. To su yayana ɗaure shi suke cikin wasu ƴan ƙullai da sunka yi da ɓawon jatan lande, ƙanana har gashin kai guda ya fi ɗaruruwansu kauri, don su ratsa yauƙin su kwance kayansu a ciki. Nanopartikil sunansu. Wato tsaraba ce ake ƙullewa don kada ta zube a hanya. Da na faɗa mishi haka sai ya ce, "C'est un peu plus complexe." Wai abin ya fi haka sarƙaƙiya. Na ce na sani, nawa bayanin na masu kitso ne.

Inna tana tankaɗe sa'ad da nike sauraren saƙon. Ba ta ɗaga kai ba. Na ce zan leƙa kasuwa wurin majema in samo. Ta ce, "Ta kasuwa rabinta ƙasa ce." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ta ce za ta itace. Mu kuwa da gas muke girki. Ta yi ta zuwa itace har sanyi ya kusa ƙarewa, kullum tana dawowa ba itace ko sili, sai ƙullin bagaruwa a bakin zane. Ta shanya a bayan ɗaki, ta zauna tana tsince ta ɗaya ɗaya, mai huda ta jefar, mai baƙi ta jefar. In anka tambaya ta ce ta awaki ce. Ban taɓa ganin akuyar da ake tsince wa abinci haka ba. Buhu ya cika na kai tasha anka tafi da shi Yamai, daga can wani ɗan uwan karatunshi ya wuce da shi.

A zuwanta na ƙarshe ne ta dawo tana ɗingishi. Ƙaya ta ratsa silifa ta shige ƙarƙashin babban yatsa. Inna tana da ciwon suga, ta san da shi, tana dai yi mishi kallon maƙwabcin da ba a shiri. Ta sa allura ta tono ƙayar, sannan ta yi abin da duk garin ke yi. Ta aika anka sayo kafso ja-da-rawaya wurin mai tebur, ta sha, ta fasa ɗaya ta barbaɗa garin a kan ciwon. Kafson nan mun sha shi don ciwon kai, mun sha don zawo, mun ba akuya, mun ba kaji. In ka ji sauƙi ka aje sauran don gaba. Na karanta mata takardar da ta ce ba haka ake yi ba. Ta ce takarda ba ta da ƙafa.

Da bazara Awwal ya zo hutu. Ya sauka daga mota da kwat, cikin zafin da ko ƙadangare inuwa shike nema. Inna ta daina zuwa tasha tun kafin zuwanshi, ta zauna kan tabarma ta ja zane ta rufe ƙafar har ƙasa. Ya durƙusa bakin ƙofa ya gaida ta, ta amsa wa bango. Bai ga komi ba. Ai ba a yi shi don shi duba ba, ita ma ba a yi ta don ta nuna ba. Ta riga ta ja mini kunne: "In kika faɗa wa wancan, ban yafe ba. Ƙaya ce." A lokacin kuwa ni ma ƙaya na ɗauke ta.

Sai gidan radiyon gari ya gayyace shi. Mai gabatarwa Ɗantani ne, abokinshi tun suna satar mangwaro tare. Awwal ya ce da Faransanci za shi yi magana, saboda wai kalmomin kimiyya ba su da Hausa, Ɗantani shi riƙa fassarawa. Mutum biyu ƴan unguwa ɗaya, ɗaya na yi wa ɗaya tafinta a garinsu. Na kunna radiyo a tsakar gida. Inna ta ce ita ba sauraro take ba, ta jawo tabarma kusa da radiyon saboda wai nan ne inuwa, ta ɗauki faifai tana sheƙa. Ba komi a faifan.

Yayana ya yi magana mai tsawo, da "en fait" da "tu vois". Na tsinci abin da na iya: sun gwada cikin faranti a labo, ɗakin gwajinsu, ƙwayoyin sun mutu, abin da alamar sa rai. Ɗantani ya karɓa da muryar shela.

"Jama'ar Arewa, ku buɗe kunnuwanku! Dokta ya ce cutar nan da ta gagari allura ta gagari kafso, ya gano maganinta! Da bagaruwarmu ta nan! Ko ba haka ba, Dokta?"

Shi ba Dokta ba ne tukuna, bai gama ba. Kuma maganar Ɗantani Hausa ce, rabin da ya rage mishi ya isa shi ji ta. Na ji shirun da ya yi, ɗan gajere. Sannan ya yi dariyar hancin nan ya ce, "Bon. En quelque sorte." Wato kusan haka ne.

"Ya ce ƙwarai kuwa!" in ji Ɗantani, ya saki kiɗa.

Inna ta aje faifai ta ce, "Surutu ya yi yawa a radiyon zamani." Ranar ta sa na dafa shinkafa da zabo, ta ce ita ke marmari. Ba ta ci ba.

Ya koma karatunshi da sabon suna. Gidanmu ya zama wurin ziyara. Mata su zo kitso su zarce ɗakin Inna: "Uwar Dokta, Allah ya yi miki." Ta ce, "Wane Dokta? Ni ban san wani Dokta ba." Wani tsoho anka kawo a amalanke tun daga Lugu, hannunshi kumbure kamar tulu, wai a taimaka mishi da ko cokali guda. Na ce babu. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mai rowa, ya ce Allah shina gani.

Ruwa ya sauka, ƙafar ta fara wari. Inna ta riƙa sa turaren wuta safe da yamma har makwabta sunka zaci biki za mu yi. Da ƙyar na ɗora ta a bayan kabu-kabu zuwa likita. Majo Tukur, babban nas, shi ke wanke ciwo a can, dogon mutum marar fara'a, wanda in ya ce maka sannu sai ka ji kamar ka yi laifi. Ya canza mata magani, ya sake canzawa, ya koma allura. Daga baya ya dangwali ruwan ciwon da auduga ya aika Yamai. Sakamako ya dawo, sunayen magunguna a jere, gaban kusan kowane an sa R. Wannan kam na sani, ya nuna ƙwayar ba ta jin shi.

"Ƙwayoyin ƙafar innarki sun fi ni diflom," in ji Majo. Ya juya wajenta. "Inna, yatsu biyu za a cire. A Doso. In anka yi yanzu, da ƙafarki za ki dawo."

"Ƙaya ce," ta ce.

"Ƙaya ce dā."

"Luba, kira mai babur."

Na ɗauka tsoron wuƙa ne, na yi ta lallashi. Sai na tuna matar ga ita ta cire haƙorinta da zare, ni ma an ce haihuwata ba wanda ya ji ko tari daga ɗakin. Na kira ƙannenta daga ruga sunka zo sunka yi magana, ta ba su fura ta sallame su. Muka koma wurin Majo, baƙin ya haura, ya ce yanzu ba yatsu ba ne, daga idon sawu ne. Ta ce a kira mai babur.

Wata rana da hantsi ina wanke mata ciwon, na ɗaure hanci da kallabi, haushi ya kama ni.

"Inna, mi kike jira? Maganin wancan? Babu shi fa. A faranti kawai ya yi aiki."

"Na tambaye ki?"

"To mi ne ne?"

Ta daɗe tana korar ƙuda da mafici. Sannan ta ce, ba ni take dubi ba, "Matar da ɗanta ke saƙa, in anka gan ta a kasuwa da tsumma, ba ita za a zaga ba."

Na tsaya da audugar a hannu. Ashe ta san babu maganin, ko dai ba ta damu ko akwai ba. Duk Arewa ta ji a radiyo cewa ɗanta ya gama da cutar da ba ta jin magani. In anka ga uwarshi ta dawo daga Doso da sanda da ƙafa guda, an gama da shi a bakin tasha. Ba za ta iya rungumarshi ba, ba za ta iya kiran sunanshi ba, ko "sannu da ƙoƙari" ba ta cikin abin da anka yarda mata. Ƙafar ce kawai take da ita, ita ta aje mishi.

Ranar na kira shi. Rashin yafewar Inna na ce na ɗauka, a haɗa mini da sauran kaya.

"Mais pourquoi ba a faɗa mini ba?" ya ce.

"Da wane harshe?"

Ya aiko da saƙon murya, wai in kunna mata. Na kunna. Muryarshi na fitowa ta ce, "Kashe abin nan, da mutane." Daga ni sai akuya.

Ya zo. Wannan karon ba kwat, riga ce duk ta yamutse da zaman mota. Warin ya tarbe shi tun daga zaure, na ga ya tsaya ya dafa bango. Ya durƙusa bakin ƙofa inda ya saba, labule tsakaninsu, in ya miƙa hannu zai taɓa tabarmarta. Ni na zauna a dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Aikin Ɗantani ya dawo kaina, sai dai ni Hausa nike fassarawa zuwa Hausa.

"Luba, ce mata ta yarda a yi aikin."

"Inna, ya ce ki yarda."

"Ce wa mai maganar an ji. Ya hanya?"

"Ta ce ya hanya."

"Luba, ce mata in ya shiga jini, septicémie, wato..." Ya dubi sama, kalmar ba ta can. "Ce mata mutuwa ake yi."

"Inna, ya ce mutuwa ake yi."

"Ce mishi dā ma ana yi. A ba baƙo ruwa."

Na ja shi bayan gida ƙarƙashin dogon yaro. Na ce, tunda ya zo, ko ya taho da ɗan abin nasu, ko kaɗan ne, a gwada. Na san amsar, amma mai neman ruwa ko rijiyar da ta ƙafe leƙawa shike. Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Faranti ne mai hazo-hazo, a tsakiya ɗan ɗigo, kewaye da shi fili fes kamar an share.

"Kin ga nan? Duk sun mutu. Irin na ƙafarta ne ma, ko danginsu." Ya maida wayar aljihu. "Amma ko a ɓera ba mu gwada ba, Luba. Ban san mi za shi yi wa ƙoda ba, ban san mi za shi yi wa jini ba. Shekaru ne a gaba. In ma an kai."

"To Inna ta riga ɓera shiga layi."

Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba. Ya ce shi bai gane ba, mace mai hankali kamar Inna, mi ya sa take jiran abin da babu. Sai na ba shi maganar mai saƙa da tsumma, yadda ta faɗe ta, ban ƙara gishiri ba. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya zauna a kan turmin da anka kife, ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kuwa na tafi na ɗora ruwan zafi, don ciwo ba ya jiran mai kuka.

Da safe ban gan shi ba. Can wajen hantsi wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ku kunna radiyo, Doktanku ne." Na kunna na aje a ƙofar ɗaki. Inna tana kwance, zazzaɓi ya fara kama ta tun jiya, amma ta buɗe ido.

Ɗantani na cikin kirari: "Ga shi ya dawo, gagara-cuta, ɗan Arewa..."

"Ɗantani, dakata. Yau ba sai ka fassara ba."

Hausa ce ta fito, tsaf, irin ta unguwarmu, ba "bon" ko ɗaya. Ashe tana nan, ajiye ta ya yi.

"Sunana Muhammad Awwal. Ni ba Dokta ba ne, ɗalibi ne. Ran nan an ce na gano magani, na ji, na yi shiru don abin ya yi mini daɗi. Babu magani. Abin da muke da shi gwaji ne a faranti. Ko a dabba ba a kai ba. Wanda ke da ciwo kada shi jira ni, shi tafi likita, abin da anka ce mishi shi yi. Kuma don Allah a daina fasa kafso ana zubawa a ciwo."

"Jama'a, Dokta tawali'u shike yi, kun san manyan masana..."

"Ba tawali'u ba ne. Ƙarya ce na bari ta kwana, na zo in tashe ta."

Anka saki kiɗa da sauri, har ya fara daga tsakiya.

Inna ta yunƙura ta tashi zaune. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Wa ya aike shi?"

Na kashe radiyo.

"Na ce wa ya aike shi? A gaban duniya? Mutum shi tuɓe rigarshi a kasuwa?" Ta dubi ƙafar, wadda ta kumbura har gwiwa, ta daɗe tana dubanta kamar kayan wani da anka bar mata ajiya. Sannan ta ce, a hankali, "Tunda mai kaya ya watsar da kayanshi, ni mi nike gadi? Nemo mota."

Majo Tukur ya rubuta muna takarda, ya taɓa goshinta, ya dubi idonta. Da ya raka mu har bakin mota ya ce mini sannu, kuma wannan karon ban ji kamar na yi laifi ba. Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

A hanyar Doso kanta na kan cinyata. Awwal na gaba kusa da direba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya, don ta ce kada a bari "mutane" su ga ƙafarta. Ta madubi shike satar kallo. Na gan shi, ita ma ina jin ta gan shi, don ta ja mayafi ta gyara.

Sunka yanke daga saman gwiwa. Likitocin sun yi abin da za su iya, ba ni da abin cewa a kansu. Amma abin ya riga ya shiga jini, kuma ƙwayoyin nan masu diflom ba su ji ruwan da anka ɗaura mata ba, kamar yadda ba su ji na baya ba. Ni ke cikin ɗaki da ita. Shi shina waje kan benci a baranda, daidai taga, inda zai ji numfashinta ba tare da ta gan shi ba. Nas ta ce, "Ɗanta ne? Shi shigo mana." Na ce ba ya shiga. Ta ce wane irin ɗa ne wannan. Na ce na fari.

Ranar da za ta tafi, da la'asar, hankalinta ya ɗan dawo. Na ce a raina yau kam za ta kira shi, ai ko a wasan kwaikwayo haka ake yi. Na matsa kusa. Ta dubi taga, ta dubi bango.

"Luba, kin bar wa akuya dusa?"

"Maƙwabta na ba ta, Inna."

Ta lumshe ido. Can ta ce, "Sauran mutanen gida fa?"

"Sun ci."

Bai ci ba. Na ji benci ya motsa a waje, amma bai shigo ba, ita ma ba ta kira shi ba.

Wurin zaman makoki mutane sun cika gida. Waɗanda sunka kira ta uwar Dokta su ne dai sunka zauna suna ƙus-ƙus cewa ga mai maganin duniya bai iya ƙafar uwarshi ba. Abin da ta ba da ƙafarta don kada a faɗa, an faɗe shi, a tsakar gidanta, ana cin dambun sadakarta. Awwal ya zauna a zaure shina amsa gaisuwa da Hausa. Ɗantani ya zo ya durƙusa ya ce, "Dokta, sai haƙuri," ya kama bakinshi, ya ce, "Awwal." Shi ke nan gyaran da radiyo ta yi.

Na zaci ba za shi koma ba. Ya yi ta zama a kan turmin nan. Ni ce na ce mishi in bai koma ba, to faranti ma ya yi asara. Ya koma. Yanzu saƙonninshi gajeru ne. Ya ce sun fara ɓera. Ya ce wasu ɓerayen sun warke, wasu ƙodarsu ta kumbura, sai an sake ƙullin. Na ce a gaida waɗanda sunka warke.

Da lokacin sanyi ya zagayo, ya aiko da wani saƙo. Bagaruwarsu ta ƙare. Sun gwada wata da anka sayo musu, ba ta kai ta farko ƙarfi ba, kuma duk ƙasa ce da huda. "Waccan tsaf take, Luba, kamar an tsince ta ɗaya ɗaya. Wurin wa kika saye ta?"

Na dubi bayan ɗaki inda take shanyawa. Har yanzu akwai ƴan ɓawo a gindin katanga, ruwan damina bai tafi da su duka ba.

Na ce, "Wata mata ce. Ta daina."

Ya ce to ko zan iya samo irinta. Na ce zan duba.

Washegari na ɗauki buhu, na ari takalmin roba mai rufi wurin maƙwabcinmu. Ya yi mini yawa, na cusa tsumma a gaba. Matarshi ta ce ina zuwa haka kamar soja. Na ce itace.